Tsatsar Jiki da Ciwon Zuciya: Fagen Mai Haƙuri

Duk ɗalibin da ya taɓa ganin wuƙa ta yi tsatsa ya san aikin iskar oksijin. Irin wannan yana faruwa a jikin ɗan Adam. Yayin da jiki yake ƙona abinci, wasu tsagerun ƙwayoyi kan kuɓuce su afka wa kitse da tantanin jiki. Idan suka fi ƙarfin sinadaran da ke tare su, sai a ce jiki ya shiga halin tsatsa.

A shekarar 1989, Daniel Steinberg na Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsa suka kafa hujja cewa kitsen LDL, idan ya yi wannan tsatsa, ya fi saurin taruwa a bangon jijiya har ya toshe ta. Nan da nan aka ɗauka magani ya samu: a sha bitamin E. Amma da aka gwada a kan mutum fiye da 20,000 a Birtaniya, sakamakon 2002 ya nuna cewa bitamin E da C da beta-karotin ba su rage bugun zuciya ba.

Wasu na cewa shekarun masanan sun tafi a banza. Ni dai ban yarda ba. Gwajin ya rufe bakin 'yan tallan ƙwaya, ko da yake har gobe ba su daina ba. An kuma gane cewa ba duk tsageran ne miyagu ba: ɗaya daga cikinsu, nitirik oksaid, shi ke sassauta jijiyoyin jini, kuma a kansa aka ba da kyautar Nobel ta 1998.

Sa'an nan fagen yana nan ƙofar gidanmu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya tsakanin masu jego. A 1992 wani bincike a Yamai ya sami ƙarancin siliniyam, wanda jiki ke buƙata don kare kansa daga tsatsa, a jinin irin waɗannan mata. Daga baya an sami haka a Kano. Wannan tambaya tana jiran masu ɗauka.

Saboda haka malamai su riƙa koya wa ɗalibai labarin gwajin da ya gaza, kamar yadda suke koyar da wanda ya ci nasara. Ɗalibi kuwa mai sha'awar wannan hanya ya riƙe kimistiri da lissafi kamkam, domin ƙidaya ce ta raba gardamar bitamin E.