DAGA BAKIN ALLO: Yaran Da Ake Kira Masu Ruhi Biyu

A wannan wata za mu haye teku ne zuwa Kanada da Amurka, domin mu duba wani al'amari da ya shafi 'ya'yan mutanen da suke su ne masu ƙasar tun fil azal, wato waɗanda silima ta sanar da mu da sunan Jajayen Indiyawa. Su kam ba sa son wannan suna, domin kuwa babu abin da ya haɗa su da Indiya. Kolumbus ne ya sauka a gaɓarsu a 1492 yana zaton Indiya ya iso, sunan kuma ya bi su. Saboda haka za mu kira su 'yan asalin ƙasa, ko kuma kowace ƙabila da sunanta. A Kanada kaɗai ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, ke nan su ma marasa rinjaye ne kamar yadda muke a nan, sai dai su a ƙasar kakanninsu abin ya same su.

A cikin ƙabilun nan da dama, tun kafin zuwan Turawa, akwai wasu mutane da ba a lissafa su a sahun maza sosai, ba a kuma lissafa su a sahun mata. Za a haifi yaro namiji, amma tun yana ƙarami hankalinsa na wajen saƙa da ginin tukwane da sauran ayyukan mata, ko a haifi mace ta taso da kwari da baka tana bin mafarauta. Kowace ƙabila da sunan da take ba su. Nabaho suna cewa nadile, wato mai sauyawa. Lakota suna cewa winkte, kuma a wajensu irin wannan mutum ake kai wa jariri ya raɗa masa sunan sirri don neman sa'a. Zuni suna cewa lamana. Wata lamana mai suna Wewa, gwanar saƙa da ginin tukwane, ta yi watanni a birnin Washinton a 1886 har ta gana da Shugaba Kilibland, manyan gari suna ta karɓar ta a matsayin wata gimbiyar Zuni, ba su san da jikin namiji aka haife ta ba. A cikin Nabaho kuwa an yi Hastin Kila, masaƙi kuma babban mai magani wanda ya rasu a 1937, kuma da taimakonsa aka kafa wani gidan adana kayan tarihi da ke Santa Fe har yanzu.

To, kada mai karatu ya ɗauka cewa duk ƙabilun haka suke. Ƙabilu ne ɗaruruwa masu harsuna dabam dabam, wasu sun girmama irin waɗannan mutane, wasu sun ƙyale su kawai, wasu ma ba su da wannan al'ada sam. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a inda al'adar take, abin da jama'a suka fi dubawa shi ne aikin da mutum yake yi wa gari, kamar sulhunta miji da mata, renon marayu, haɗa magani da jagorancin bukukuwa.

Da Turawa suka zo ba su yi wa abin da sauƙi ba. A 1513, a yankin da yake Fanama a yau, wani jagoran Sifaniyawa mai suna Balbowa ya saki karnuka a kan mutane wajen 40 da ya tarar sanye da tufafin mata, suka yayyaga su. Dattawan ƙabilar Afsaloke ta jihar Montana, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan Hankaka, sun ba da labarin yadda wani wakilin gwamnati a ƙarshen ƙarni na 19 ya tsare irin waɗannan mutane, ya aske musu gashi, ya tilasta musu sa kayan maza da aikin ƙarfi. A cikinsu har da Oshtish, wanda ya yi suna a yaƙin Rosbod na 1876. Sarkin ƙabilar bai lamunta ba, ya tashi tsaye sai da wakilin ya bar musu ƙasa.

Amma babbar ɓarnar a makaranta aka yi ta, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai mu da muke riƙe da alli. Gwamnatin Kanada tare da coci-coci sun kafa makarantun kwana fiye da 130, aka riƙa ɗauke yara daga hannun iyayensu, da yardarsu ko babu. Kimanin yara 150,000 ne suka bi ta cikinsu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Amurka ma ta yi nata, tun daga makarantar Kalail da aka buɗe a 1879. Ranar da yaro ya iso za a aske masa gashi, a karɓe tufafinsa, a ba shi sunan Turawa, wani lokaci ma lamba. Idan ya yi magana da harshen uwarsa sai bulala. Maza gefe guda, mata gefe guda, har wa da ƙanwa ba sa gaisawa. To, yaron da a garinsu ake kira winkte, a wane layi zai tsaya? Wanda ya fito daga irin wannan makaranta ya koma gida ba ya jin maganar kakarsa, ya kuma koyo cewa abin da kakanninsa suka girmama abin kunya ne, haka kuma ya tarbiyyantar da nasa 'ya'yan. Hukumar gaskiya da sulhu ta Kanada, a rahotonta na 2015, ta kira wannan aiki kisan ƙare dangi ga al'ada, ta kuma tabbatar da mutuwar yara fiye da 3,000. Firayim Minista Hafa ya nemi gafara a 2008, Fafaroma Faransis ya je Kanada da kansa ya nemi gafara a 2022, Shugaba Baidin ya yi tasa a 2024.

Sunan masu ruhi biyu kuwa sabo ne. A 1990 aka amince da shi a wani taro da 'yan asalin ƙasa suka yi kusa da birnin Winifeg, kuma wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Kiri mai suna Maira Larami ce ta kawo shi. Kafin nan masana Turawa bardash suke cewa, kalmar da ta zo ta Faransanci mai nufin yaron da ake ajiyewa don lalata, wato zagi ne tsagwaronsa. Masu sabon sunan sun dage cewa nasu ne su kaɗai, Bature ba zai ara ya yafa ba, domin sunan yana ɗauke da ƙabila da harshe da aikin da mutum zai yi wa jama'arsa.

Me ya sa ake ta magana a kan matasansu? Saboda rayuka ake asara. Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta gano cewa tsakanin 2011 da 2016 yawan masu kashe kansu a cikin ƙabilun asali ya ninka na sauran jama'a sau uku, a cikin Inuwit na yankin ƙanƙara kuwa sau tara. A wani ɗan gari mai suna Atawafiskat, a watan Afrilun 2016, mutum 11 suka yi yunƙurin kashe kansu a dare ɗaya, har aka kafa dokar ta-ɓaci. A ƙidayar 2021, fiye da rabin yaran da ke hannun masu riƙo na gwamnati 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su kai kashi 8 cikin ɗari na yaran ƙasar ba. Yaro mai ruhi biyu kuwa kayansa sun fi nauyi. A gida ana yi masa dariya saboda tafiyarsa da muryarsa, ya gudu zuwa Toronto ko Winifeg, can kuma a raina shi saboda launin fatarsa, daga nan sai kwanan titi da ƙwaya da miyagun mutane.

Akwai bincike guda biyu da muke so iyaye da malamai su riƙe. Na farko wasu masana biyu, Candila da Lalond, suka wallafa a 1998 bayan sun duba al'ummu kusan 200 a lardin Biritish Kolumbiya. Sun tarar ba ko'ina ne bala'in yake ba, domin fiye da rabin al'ummun ba su rasa matashi ko ɗaya ta wannan hanya ba a shekarun da aka duba. Inda jama'a suke riƙe da mulkin kansu da makarantunsu da asibitinsu da zauren al'adunsu, abin ya yi ƙasa ƙwarai. A 2007 suka ƙara da batun harshe, inda suka ga cewa a garuruwan da ƙasa da rabin jama'a ke iya hira da harshensu, mutuwar matasa ta ninka ta sauran garuruwan fiye da sau shida. Wannan bincike a kan dukkan matasa aka yi shi, ba masu ruhi biyu kaɗai ba, amma ya nuna inda maganin yake.

Na biyu wata mai bincike ce a Kalifoniya, Ketilin Rayan, ta fitar a 2009. Ta gano cewa matasa masu irin wannan hali da iyayensu suka tsangwame su ƙwarai sun fi takwarorinsu yunƙurin kashe kai fiye da sau takwas. Abin da ya burge mu da aikinta shi ne, ta zauna da iyaye masu riƙon addini sosai, ba ta ce su saki aƙidarsu ba. Cewa ta yi a daina duka da zagi, a daina hana yaro cin abinci tare da 'yan'uwansa, kada a kore shi daga gida, a kuma tsaya masa idan wasu suka ci zalinsa.

A kan wannan turba 'yan asalin ƙasar suke aiki. Suna kai matasa daji tare da dattawa su koyi kamun kifi da jima da sunayen itatuwa da harshensu. A babban bikinsu na rawa da ganguna da suke kira fawaw, bisa al'ada akwai rawar maza akwai ta mata, to tun 2012 ake shirya wani a San Faransisko inda kowa ke shiga rawar da ta dace da shi. A 2016 wasu matasa biyu 'yan gida ɗaya suka fara tara saƙonnin bidiyo na ƙarfafa zuciya ta intanet domin yaran ƙauyuka masu nisa, a shekarar kuma aka buɗe layin wayar tarho na neman shawara dare da rana, wanda mutum zai iya neman a yi masa magana da harshen Kiri ko Ojibwe ko Inuktitut. Wata doka da ta fara aiki a 2020 ta ba ƙabilun ikon kula da 'ya'yansu da kansu maimakon a kai su gidajen baƙi. Duk da haka ba a taru an zama ɗaya ba, domin majalisar Nabaho da kanta ta yi doka a 2005 ta hana auren jinsi, kuma dattawa da yawa da suka tashi a coci ba sa son jin zancen.

Mun san wani zai ce, Malam, ina ruwanmu? Ba mu kawo wannan don a kwaikwayi kowa ba. Addininmu yana da hukuncinsa a kan ayyuka, malamai kuma suna nan, ba aikin wannan fili ba ne ba da fatawa. Sai dai mu tuna cewa malaman fiƙihu ba su kau da kai daga halitta mai wuyar ganewa ba. Littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, da bayanin gadon mata-maza ya rufe, aka ba shi rabin rabon namiji da rabin na mace, wato an yarda ɗan gida ne mai haƙƙi. Wannan batun halittar jiki ne, ya bambanta da na masu ruhi biyu, haka kuma 'yan daudu da muka sani a tasha da wajen sayar da abinci tarihinsu dabam ne. Amma duk malamin da ya daɗe a aji ya taɓa ganin yaron da murya ko tafiya ta sa 'yan aji suka sa shi gaba, ana kiransa da sunan mata, yana zama a bencin baya, ba ya fita tara, har wata rana a nemi sunansa a rajista a rasa. Yaro ne ɗan shekara 10 ko 12 da bai aikata komai ba. Idan malami ya taya dariya, ko ya yi kamar bai ji ba, to ya ba sauran izini. Hausawa dai sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Batun harshe kuwa ya shafe mu kai tsaye. A zangunanmu akwai gidajen da jika ba ya iya zama ya yi hira da kakarsa da Hausa sai an yi musu tafinta, kuma mu babu wanda ya ɗauke mana yara da ƙarfi, babu wanda ya yi musu bulala. Yaron da yake cikin damuwa sau da yawa ba ya iya faɗa wa uba, kaka yake nema ko gwaggo, to idan babu harshen da zai yi mata magana da shi, wa zai faɗa wa? A Kanada sai da majalisa ta yi dokar raya harsunan asali a 2019, ana kashe kuɗi masu yawa ana ɗaukar muryar tsofaffi a na'ura, domin a wasu ƙabilun masu jin harshen sosai ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda mutanen Mawori na ƙasar Niyu Zilan suka kafa makarantun renon yara da harshensu tun daga 1982, inda kakanni ne malamai.