Zauren Ɗalibai: Mita 31 ɗin nan, mitar mece ce?

Makon jiya mun leƙa wani ajin ƙarshe na sakandare a yankin Bunkure, ana ta shirin WAEC da NECO. Muka tambayi ɗalibai ƙa'idar da ta haɗa gudun igiyar rediyo da tsawonta da yawan kaɗawarta. Kafin mu rufe baki sun rera mana ita baki ɗaya: v = fλ. Sai muka aro rediyon maigadi, muka ce to, idan an ce a kama BBC a kan mita 31, mitar me ake nufi? Aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba ta ce ko nisan tashar ne.

Alhali wannan mita 31 da kakanninmu ke murɗa rediyo suna nema, ita ce λ ɗin da aka haddace, wato tsawon igiyar. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka idan kuka raba 300 da lambar megahaz ta tasha, amsar ita ce tsawon igiyarta a mita. Freedom Radio ta Kano tana kan 99.5, tsawonta kusan mita 3 ke nan. Rubu'in haka santimita 75 ne, ku je ku gwada eriyar da ake zarowa a rediyonku ku gani. Ita kuwa mita 31, kusan megahaz 9.7, tana dukan wani sashe na sararin sama ta dawo ƙasa, shi ya sa tashar wata nahiya ke isowa Kura, ta FM kuma ta ɓace da zarar mota ta yi nisa da Kano.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Akwai masu sha'awar rediyo da ke haɗa na'urarsu su yi hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa. Na Nijeriya lambar kiransu da 5N take farawa. A Amurka, jarrabawar lasisinsu ta matakin farko tambayoyi 35 ce, wanda ya ci 26 ya wuce, kuma duk tambayoyin da amsoshinsu an wallafa su. Sai wasu suka buɗe ajin yini ɗaya: a haddace da safe, a rubuta da yamma. Malamansu har yanzu suna gardama a kai, domin ana samun mai lasisi a aljihu da bai san tsawon eriyar da zai yanka ba. Kun ga tamkar littafin tsofaffin tambayoyin JAMB ɗin nan namu ne.

Ba hadda muke kushewa ba. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta, amma ai ko wanda ya sauke, zaure yake komawa neman tafsiri.

Kuma ku 'yan Kura da Bunkure kun fi kowa sa'a, ɗakin gwajinku yana bayan gida. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, gangarowa yake ta babban kanal ba tare da inji ba. Tudun da ya fito shi ne V, yawan ruwan da ke wucewa shi ne I, ƙuncin hanya da ciyawar da ta toshe ta su ne R. Wanda ya gane haka ba zai ja siririyar waya mai nisa zuwa famfon solar babansa ba, har ta yi zafi, famfo ya ƙi ɗaga ruwa, tumatir ya yi yaushi.

Aikin mako: tashar da ke kan mita 19, kusan megahaz nawa take? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin. Amsa zalla ba za mu buga ba.