Sauke injin 504 a ƙasar Gangara

Kaka ta yi, an haƙe aya, wake da riɗi sun shiga buhu. A irin wannan lokaci ne masu tsofaffin motoci na ƙasar Gangara suke tunawa da cewa injinsu yana shan baƙin mai kamar raƙumi a bakin rijiya, yana kuma tuƙa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Sai a garzaya gareji a Gazawa ko Agye, wani ma har Maraɗi, a ce wa makanike: "Malam, a sauke shi, amma ina son motata kafin ranar kasuwa." Daga wannan magana ta ƙarshe ne yawancin ɓarna take farawa.

Motar da ake magana a kanta ba baƙuwa ba ce. Peugeot 504, wadda jama'a suke kira Fijo, ta fito a Faransa a shekarar 1968, shekara takwas bayan yayarta 404. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, aka ci gaba da haɗa 504 a can har 2006, bayan Turawa sun daɗe da mantawa da ita. Shi ya sa daga Gidan Rumji zuwa Tasawa da wuya a sami tsohon makanike da bai yi koyon aiki a kanta ba. Yau Toyota da babura sun ƙwace mata hanya, amma a-kori-kura, wadda ake ce wa bashe, tana nan jefi-jefi tana kai hatsi kasuwannin bakin iyaka, inda yashi yake tsayar da ƙananan motocin zamani.

Abin da ya sa injinta na fetur ya ƙi mutuwa shi ne tun farko an ƙera shi don a riƙa sabunta shi. Jikinsa na baƙin ƙarfe ne, kansa kuma, wato kilas, na alminiyam. Ramukan nan huɗu da fistan yake kai da kawowa a ciki ba a jikin injin aka huda su ba. Kowane ɗaya kwanso ne mai zaman kansa, masu gareji suna ce masa shamis, ana zare shi a sa sabo, kuma ruwan sanyaya inji yana kewaye shi kai tsaye. Ma'ana, injin da ya yi shekara 40 yana iya samun sabbin shamis da fistan da zobba da kusine a ƙarƙashin bishiyar bedi, ba tare da an kai shi wurin wata babbar na'ura ba.

To amma wannan sauƙin yana da sharaɗi. Dole bakin kowane shamis ya ɗara saman jikin injin da ɗan abin da bai kai kaurin gashi biyu ba, kuma su huɗun su yi daidai da juna, don idan an ɗaure kilas ya danne su sosai. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ma ba ya jin sa. Sai da ma'auni mai allura. Idan shamis ɗaya ya nutse, juwan kilas zai ƙone ko da sabo ne fil daga kwali, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, kusine su cinye, inji ya buga. Haka nan idan an cire kilas, yaron gareji ya juya injin ba tare da an danne shamis ɗin ba, sai su motsa, abin toshiyar da ke gindinsu ya saki, ba wanda ya sani sai bayan mako biyu a tsakiyar daji. Ƙusoshin kilas kuwa ana ɗaure su ne bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai awon ƙarfi. Bututun ƙarfe da ƙarfin damtsen ɗan koyo ba su maye gurbinta.

Mai mota da ya tsaya yana cinikin kuɗin aiki kamar mai sayen akuya, ya kamata ya fara tambaya ko garejin yana da waɗannan kayan awo guda biyu. Makanike ba waliyyi ba ne: in an matsa masa a kan kuɗi da lokaci, zai mayar da tsohon shamis, ya sa sabbin zobba kawai, ya wanke injin da fetur ya yi ƙyalli. Araha ba ta ado.

Maganar kayan gyara ma ta canza. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan da suke zuwa daga Faransa suka fi ƙarfin talaka, aka koma Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Da Kaduna ta daina haɗa motar, sai na jabu suka cika kwalaye masu tambarin zaki. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna wa masu 504 cewa ran motarsu yana ƙetaren iyaka. Wanda ya sami shamis da fistan na asali, ko na hannu ne masu lafiya, ya saya ya ajiye.

Sai kuma dabarun da ake ƙara wa inji, waɗanda wasunsu hikima ce, wasu kuwa ganganci. Sa radiyata mai faɗi hikima ce a ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40. Riƙe tsohuwar matatar iska mai wankan mai ita ma hikima ce, domin ƙurar hunturu idan ta shiga inji aikin dutsen wasa wuƙa take yi wa zobba. Amma cire kalorsta, ɗan ƙarfen nan da yake tsare ruwa har inji ya ɗumama, al'ada ce da ta zama kamar farilla a garejinmu na Sahel ba tare da hujja ba. Injin da yake zafi, ciwonsa yana cikin radiyatar da ruwan rijiya ya toshe da gishiri, ko a famfon ruwa, ko a fanka. Cire kalorsta ɓoye ciwon yake yi, sannan ya bar injin yana aiki a sanyaye da asubahin Janairu, yana cin fetur yana cin kansa. Kankare kilas da ya lanƙwashe shi ma yana da iyaka: kowace kankara tana ƙara matsi a cikin inji, kuma fetur na kwalba da ake saye a bakin hanya ba kullum yake jure wannan matsin ba. Ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan mota ta kama hawa, ita ce alamar.

Babbar dabara ita ce musanya injin ɗungurungum. Injin 404 mai cc 1618 ne, na 504 kuwa akwai mai 1796 da mai 1971, kuma da yake ƴan gida ɗaya ne, ana ɗora babban a mazaunin ƙaramin ba da wahala mai yawa ba. Wasu kuma suna komawa injin gazuwal na Indenor saboda sauƙin shan mai. Motar takan yi ƙarfi, mai ita ya ji daɗi ya ƙara buhu biyar a kan lodi, ƴan kasuwa goma su hau bisa buhunan. Birkin kuwa yana nan yadda aka ƙera shi don ƙaramin inji da ƙaramin kaya, kuma injin gazuwal ya fi nauyi a kan ƙafafun gaba. Ma'aikatan gwamnati da suke sayen irin waɗannan motoci don ajiye wa ritaya su duba katin mota da kyau: idan takarda ta ce fetur, inji kuma ya ce gazuwal, akwai magana da jandarma a kan hanya, akwai kuma wadda ta fi ta da kamfanin inshora ranar da aka yi hatsari.

Injin da aka sabunta yana bukatar tafiya a hankali, ba lodi mai nauyi, har kimanin kilomita 1000. Daga nan a komar da shi gareji a sake ɗaure kilas, a daidaita supap, a zubar da baƙin man farko. Wannan komawar tana cikin kuɗin aikin da aka riga aka biya, sai dai takan faɗo daidai lokacin da farashin wake ya tashi, shi ya sa masu gareji ba su cika ganin motar ba sai an jawo ta da igiya.