A Taimaki Samarin Da Ke Dashen Itatuwa A Unguwanni

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa game da samarin da ke dashen itatuwa da yashe kwatoci a birnin Kano.

Ni mai tireda ne. Daminar bara samarin layinmu suka yi karo-karo suka sayo dashen darbejiya da mangwaro, suka jera a bakin titi. Wallahi kafin bazara ta wuce fiye da rabi sun mutu. Awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe wasu, wasu kuwa mu da kanmu muka tuge, wai za su tare mana gaban shago. Haba jama'a! Yau ga mu muna neman inuwar da za mu fake da rana tsaka.

Ba inuwa kaɗai ba ce. Ƙasar da ke gindin bishiya tana shanye ruwan sama. Kakanninmu sun haƙa kududdufai don ɗibar ƙasar gini, su kuma suka zama matattarar ruwa. Yanzu mun cike da yawansu da shara mun yi gini a kai, mun shafe ko'ina da siminti, leda ta toshe kwatoci. To ina ruwa zai bi? Ba mu manta da ambaliyar watan Agusta na 2022 ba, wadda ta shiga kasuwar Kantin Kwari ta lalata yadudduka da atamfofi masu yawa.

Shawarata ita ce, kowane mai shago ya ɗauki bishiya ɗaya ta zama tasa. Ya kewaye ta da tubali ko ƙaya saboda dabbobi, ya riƙa zuba mata ruwan alwalarsa. Darbejiya in ta tsallake ranin farko, ta kama ke nan. Manoman Maraɗi da suka fara barin toho a gonakinsu tun shekarun 1980 sun nuna cewa kulawa ta fi yawan dashe.

Ku kuma samari, ku yi dashe da farkon damina, ku guji ƙarƙashin wayar lantarki da gindin katanga, sannan ku nemi yardar mai wuri kafin ku haƙa rami. Masu unguwanni da limamai su ma su sa baki, tunda malamai sun karantar da mu cewa dashen bishiya sadaka ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu gane, amin.

Naka,
Wani mai tireda,
Birnin Kano.