Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

'Yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, duk wanda ya yi sammako a unguwarmu ta Tudun Murtala zai tarar samari sun rabu gida biyu. Waɗansu na lungu suna ɗaga sandar ƙarfe da aka yi wa kawuna da siminti, waɗansu kuwa sun miƙa da gudu wajen Filin Sukuwa na Nasarawa, kowane ɓangare na yi wa ɗaya dariya. A ganina dukansu rabin aiki suke yi.

Gudu yana horar da zuciya da huhu, ɗaga nauyi kuwa tsoka da ƙashi yake ginawa, alhali jiki ba ya wadatuwa da ɗaya. Abin kunya ne a ga ƙato mai faɗin ƙirji yana haki don ya hau bene hawa biyu. Dubi mai ruwan da ke tura kura cike da jarkoki masu lita 25: ƙarfi da numfashi tare yake kashewa, kamar manomi da ɗan kokawa. Mu da karatu ya ɗaure a kan kujera, lalle sai mun nemo da gangan abin da sana'a ta ba su, in ba haka ba tumbi da hawan jini su riga mu isa ofis.

Masu ƙarfe kan ce gudu yana cinye tsoka. Maganarsu tana da tushe, domin a 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya nuna cewa masu haɗa biyun ƙarfinsu ya daina ƙaruwa kafin cikar mako 10. Amma fa mutanensa kwana shida suke wahala kowane mako. Wa ke wannan a cikinmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida a 2020: baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya kuma ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Watau tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar, biyu daga ciki a fara da ƙarfe tun jiki bai gaji ba, sannan a bi da gudu.

To, mai ƙarfe ya ɗaura takalmi, mai gudu ya leƙa lungu. Lafiya uwar jiki ce. Allah ya sa mu dace.