Tallan Siyasa: Gara Maƙaryacin Talabijin Da Na Cikin Waya

Ya ku 'yan uwa matasa, wasu na ta murna wai zamanin yaudarar 'yan siyasa a akwatin talabijin ya wuce, tunda yanzu kowa da wayarsa a hannu, kan mage ya waye. Ina! Yaudarar gida kawai ta sauya.

Ba muna wanke talabijin ba ne. A 2015 tashar AIT ta watsa wani shiri na ɓata sunan Bola Tinubu. Amma me ya biyo baya? Ya maka su a kotu, a 2016 suka fito suka ba shi haƙuri. Domin tashar tana da suna, tana da ofis, tana da lasisin da hukumar NBC ke iya ƙwacewa, kuma abin da ta faɗa kowa ya gani a lokaci guda.

To ku dubi abin da aka yi ta intanet a wannan zaɓen dai. Sai a 2018 jaridun Ingila suka tona cewa wani attajirin Nijeriya ya ɗauko kamfanin Cambridge Analytica don ya yi wa Jonathan aiki. Aka yaɗa bidiyo mai cike da jini da gawarwaki, ana tsorata mutane cewa Buhari zai ƙaƙaba wa ƙasa shari'a da ƙarfin tsiya. Shekara 3 cur kafin a san masu wannan aika-aika! Wa za ka kai ƙara? Kamfanin ma ya rushe a shekarar da asirinsa ya tonu.

Haka tallan waya yake. Ana iya aika wa na Kano magana ɗaya, a aika wa na Inugu kishiyarta, babu wanda ya san abin da aka raɗa wa ɗan uwansa. Abin takaicin ma, ku ne 'yan dakon. A Janairun 2023 binciken BBC ya nuna jam'iyyu na biyan masu tarin mabiya a asirce, wani har naira miliyan 20, don su yaɗa ƙarya kamar ra'ayin kansu ne. Shi ya karɓi miliyoyi, kai kuwa ka sayi data da kuɗin guminka kana tura masa a WhatsApp kyauta. Ko sojojin baka na gidan rediyo ai suna faɗin ubangidansu.

Doka ta ce a rufe tallan 'yan takara awa 24 kafin ranar zaɓe. Gidajen rediyo da talabijin sukan yi shiru don tsoron tara. Wayarka kuwa tana nan tana kaɗawa har kana kan layin jefa ƙuri'a.