Shayin madara: Muna ƙasar shanu, amma me muke zubawa a kofi?

Kwanakin baya ƙanwata ta miƙo mini wayarta a tsakar gidanmu da ke Safana, ta ce, "Yaya, dubi abin da ake yayi a Abuja." Bidiyo ne na wata baiwar Allah tana dafa baƙin shayi, ta zuba madara mai zafi, ta kaɗa har ya yi kumfa, sannan ta raɗa masa suna wai "tea latte". Na kalla har ƙarshe ina jiran abin mamakin, bai zo ba. Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ta leƙo ta ce, "Wannan ai shayin mai shayi ne aka juye a kofin gilashi."

Gaskiya ta faɗa. Kalmar latte ɗin ma a harshen Italiya ba ta nufin komai sai madara. Waɗanda ke zuwa Dubai sarin kaya sun san shi da sunan karak. A Indiya da kayan ƙamshi ake dafa shi. A Malesiya kuwa suna ce masa teh tarik, wato shayin da aka ja, saboda ana sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan, daidai yadda mai shayin bakin tasharmu yake yi. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su: baƙin ganye, madara da sukari.

Ra'ayina shi ne kowane gida ya koyi haɗa wannan shayi da kansa. Ba don yayi ba. Dalilina shi ne, idan hannunka ne ya haɗa, dole ka san abin da ka zuba. Kuma daga ranar da ka fara tambayar abin da kake zubawa, za ka gano cewa farin abin da muke kira madara ba kullum ne yake madara ba.

Mu a Safana dole ce ta fara koya mana. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, ta kuma taƙaita yawon babura da daddare. A watan Satumba aka katse layukan waya. Teburin mai shayi da a da ake raba dare a kansa ana musun ƙwallo da siyasa ya koma tashi da wuri. Wanda ya saba da kofinsa na bayan Isha'i sai ya shiga gida ya hura gawayi. A lokacin na fara sayen kayan haɗin da kaina, a lokacin ne kuma na fara karanta abin da aka rubuta a bayan leda.

Iri uku ne a kasuwa, kuma duk madara muke ce musu.

Akwai cikakkiya, wadda aka busar da madarar saniya da manta a ciki. Ita ake rubuta wa "full cream", ita ce kuma ta fi tsada. Akwai ta biyu da ake rubuta wa "filled": an cire man shanun an sayar da shi daban, an maye gurbinsa da man tsirrai, galibi daga kwakwar manja. Wannan ba guba ba ce, kada a ce na ce. Tana da sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi, kuma ita ce ta sa talaka ya iya shan shayi fari tun da aka fara ƙulla madara a 'yan ƙananan ledoji, abin da Cowbell ta yi fice da shi bayan shigowarta Najeriya a 1993.

Ta ukun ce damuwata. Ita ake rubuta wa "creamer". Mafi yawanta wani nau'in sukari ne da ake samu daga sitaci, da man tsirrai, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na madara. Aikinta ta faranta shayi ta ba shi maiƙo, shi ke nan. Matsalar ita ce idan an farke buhu ana awo da gwangwani ko da cokali, babu rubutu, babu kwanan wata, ba ka da hanyar bambance ta da ta gaske sai dai ka yarda da bakin mai kanti. Ni kaina na taɓa sayen irin wannan ta awo na kai gida, aka yi kwanaki ana dama wa yara a kunu ana murna suna shan madara. Sai da na koma na matsa da tambaya aka nuna mini buhun. Babba ya sha wannan a shayi, babu laifi. Amma uwar da ta hana kanta wani abu ta saya wa yaronta da niyyar ya yi ƙwari, an cuce ta.

Abin takaicin shi ne inda wannan ke faruwa. Safana tana gefen Dajin Rugu. Waɗanda suka girme ni suna ba da labarin yadda matan Fulani ke shigowa gari da ƙore a ka, nono da kindirmo da man shanu, wanda ke son ɗanyar madara kuma ya yi magana tun da yamma a kawo masa da sassafe. Ni ma na riski ƙarshen wannan zamani. Satar shanu ta kwashe garke, rikici ya kori waɗanda suka rage, zargi kuma ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, har wasu sun daina shigowa kasuwa. Yau yaron da kakansa ke da shanun noma da na tatsa, garin madarar da aka yo jigilarsa a jirgin ruwa daga Turai ko New Zealand yake lasa a tafin hannu.

Ba rikici kaɗai ba ne, a faɗi gaskiya. Saniyarmu ta gida ba ta wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana a hannun mai tatsa, alhali ta Turai tana ba da fiye da lita 20. Babu wutar da za a sanyaya, babu motar da za ta kwasa kafin ta yi tsami. Tun da Tarayyar Turai ta cire wa manomanta ƙayyade yawan madarar da za su samar a 2015, garin madara mai man tsirrai ya ƙara kwararowa Afirka ta Yamma da araha. Makiyaya a Nijar da Mali da Burkina Faso har gangami suka shirya don a riƙa shan ta gida. A nan an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, kamfanin Arla mai yin Dano kuma ya buɗe gonar shanu a Damau ta Jihar Kaduna a 2023. Madalla. Sai dai ni ma'aunina ƙarami ne: ranar da na ga wurin tara madara mai na'urar sanyi a Runka ko Batsari, inda Bafulatana za ta kawo ta karɓi kuɗinta a hannu, ranar zan ce abin ya iso mu.

Ganyen shayin ma akwai na gida. Ana noma shi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, shi ne Highland Tea. Da yawanmu ba mu taɓa neman sa ba, domin kowane ganye Lipton muke ce masa.

To, ga yadda nake haɗa na mutum biyu.

Ruwa kofi ɗaya da rabi a ƙaramar tukunya. A daddaka citta kamar girman ɗan yatsa, ƙwayar kanumfari uku, ɗan ɓallin kirfa idan akwai. A bari su tafasa kamar minti biyar. Wannan tafasar ba ta ƙamshi kaɗai ba ce: ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke tsinka madara, wuta ce ke kashe shi. Wanda ya taɓa ganin shayinsa ya yi gudaji-gudaji, a nan ya yi kuskure, ko kuma ya matsa lemun tsami. Lemun tsami na ruwan bunu ne, ba ya shiri da madara.

Daga nan a rage wuta a zuba ganye, ƙaramin cokali biyu ko jaka biyu. Minti uku zuwa huɗu ya isa. Mutanenmu suna son su bar ganye ya yi ta ɓararraka wai don ya yi ƙarfi, amma abin da ke fitowa bayan minti biyar ɗaci ne da bauri, kuma wannan ɗacin ne ke sa a yi ta lafta sukari. Idan ƙarfi kake so, ƙara ganye, kada ka ƙara lokaci.

Madarar gari, babban cokali uku, a dama ta daban da ruwan ɗumi rabin kofi har ta narke, kafin a juye. Idan Allah ya sa ka samu ta shanu, kofi guda, sai ka rage ruwan farko zuwa kofi ɗaya, kuma lallai ka tafasa ta tukuna. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka da ta cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, mutum kuma ya yi ta zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. A tace da rariya. Kumfar da ake ta yi wa ado a bidiyo kuwa ba ta buƙatar wata na'ura. Maburgin da ake kaɗa miyar kuka, idan an wanke shi tas, yana yi cikin daƙiƙa talatin. Ko ka sheƙa tsakanin kofi biyu sau biyar ko shida. Ranar farko za ka zubar, ni ma na zubar.

Sukari a ƙarshe ake sa shi, bayan an ɗanɗana. A nan ne muke da rigima da mutanen gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau a tsaya a shida. Ka ƙirga na haɗin kauri guda: sukarin da aka kamfata da babban cokali, ga Bournvita ko Milo da ke da nasu, wani lokaci ga madarar gwangwani mai kauri da kusan rabinta sukari ne. Kafin azahar ka cinye rabon yini, ba a zo kan lemun kwalba ba. Kowa a cikinmu ya san gidan da ake jinyar ciwon suga, ya kuma san abin da sayen magani kowane wata ke yi wa aljihu. Ni ƙaramin cokali biyu nake sawa a kofi. Daga huɗu na sauko, rabi-rabi, harshena bai yi ƙorafi ba sai makon farko.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, wanda ya fi shafar mata. Baƙin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da hatsi, idan aka sha shi tare da abinci. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mai ciki da mai jego su bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi, kada kuma su kora maganin ƙarin jini da shi. Ƙananan yara kuwa a ba su madarar da ɗumi ba tare da ganye ba, ko a koma wa kunun gyaɗa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa ne kawai nasa.

Na san abin da za a ce. Wani abokina ya riga ya faɗa mini: "Kai yanzu so kake ka kashe wa mai shayi kasuwa?" A'a. Mai shayi ba ruwan zafi kaɗai yake sayarwa ba. A teburinsa ake jin wace hanya ce ke da lafiya yau, wa aka sako, nawa aka sayar da buhun gero. Gwauro da ɗan acaba da direba ba su da wani murhu sai nasa. Kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, shi ma a matse yake: madara da sukari da burodi da ƙwai duk sun tashi, mai saye kuma ba ya son a ƙara masa ko sisi. Idan ya koma wa ta awo mai araha, ba mugunta ba ce, lissafi ne. Ga kuma gawayi: hura wuta don kofi ɗaya asara ce, shi ya sa haɗin gida ya fi biya idan an dafa na iyali gaba ɗaya an juye a fulas.

Har gobe ina zama a bencin mai shayin unguwarmu. Abin da ya canza shi ne yanzu na san me zan tambaya. Jiya da safe na ce masa, "Malam, wacce za ka sa mini?" Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan jarida ka fara ko?" Sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko leda mai rubutu, ya farke ta a gabana, ya ce kuɗin wannan daban ne. Na biya.